Gina Gida A Kafanchan Daga Abuja: Kuɗaɗen Da Ke Kwance A Ƙarƙashin Ƙasa

Duk wanda ya shigo Kafanchan ta hanyar Kwoi ko ta Gidan Waya ba zai rasa ganin gine-ginen da suka tsaya a linta ba. Bulo ya yi baƙi saboda ruwan damina, ciyawa ta tsiro a inda aka tsara falo, rodi ya yi tsatsa yana kallon sama. Cikin masu irin waɗannan kangaye akwai ma'aikatan gwamnatin tarayya da hadiman manya da ke zaune a Abuja, waɗanda suka riƙa tura kuɗi gida da niyyar samun wurin komawa bayan ritaya. Sau da yawa tushen matsalar ɗaya ne: an sa hannu a kan farashin gida, amma ba a yi maganar abin da filin kansa zai ci kafin gidan ya zauna a kansa ba.

Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a, ta girma ne a matsayin mahaɗar jiragen ƙasa tun zamanin Turawan mulkin mallaka. Yau tana da reshen Jami'ar Jihar Kaduna, ga Kwalejin Ilimi a Gidan Waya, sannan a 2025 gwamnatin tarayya ta amince da mayar da babban asibitin garin Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Ga ma'aikacin Abuja ɗan asalin Kagoro ko Zonkwa ko Gwantu, tafiyar 'yan sa'o'i ce. Kusancin ya isa ya sa mutum ya ƙulla niyyar gini, amma bai isa ya ba shi damar tsayawa a kan aikin kullum ba. Takardar kwangila ce ke tsaya masa a ranakun da yake ofis.

Gida daban, fili daban

Idan ɗan kwangila ya dubi zanen gida mai ɗaki uku ya yanka farashi, yawanci lissafinsa ya ginu ne a kan fili shimfiɗaɗɗe, ƙasa mai ƙarfi, hanyar da tifa za ta iya shiga, da ruwa a kusa. Ƙasar Kudancin Kaduna kuwa ba koyaushe take ba da wannan sauƙin ba. Yanki ne na tuddai da gangare, akwai duwatsu a gefen Kagoro, akwai fadamu a bakin rafuka, kuma damina na ɗaukar kimanin watanni bakwai, daga Afrilu zuwa Oktoba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa kuɗin. Fili mai gangare yana buƙatar a ɗaga fandisho ta gefen ƙasa, wato ƙarin layukan bulo da tifa-tifa na jan ƙasa don ciko, wani lokaci har da bangon tare ƙasa. Idan lebura ya ci karo da dutse a tsakiyar haƙa, diga da shebur sun gama aiki, sai a ɗauko masu fasa dutse ko inji. A fadama, inda ruwa ke kusa da sama, injiniya na iya cewa fandishon da aka saba yi ba zai ɗauki gidan ba, sai an zuba kankare da rodi a ƙarƙashin ginin baki ɗaya. Bayan waɗannan akwai share fili da tumɓuke kututture, gyaran hanyar shiga, sayen ruwa ko haƙa rijiyar burtsatse, magudanar ruwa, sokawe, katanga, jawo wutar lantarki idan turken ƙarshe ya yi nisa, da albashin mai gadin kaya.

Mako biyu ko uku da fara aiki, sai waya ta buga a Abuja: an samu dutse, ko ruwa ya cika ramin fandisho, ana neman ƙari. Mai gida ba shi da hanyar tantance gaskiyar maganar, kuma da zarar an zuba kankare an rufe, babu mai iya auna abin da ke ƙasa. Kuɗin da aka ware wa kwano sai ya tafi a fandisho.

Tun ran gini ran zane

Maganin wannan yana gaban sa hannu. Safiyo zai auna iyakokin fili da tudu da kwarinsa. Injiniya mai rajista da hukumar COREN zai sa a haƙa ramukan gwaji, ya ga irin ƙasar, sannan ya tsara fandisho daidai da ita. Daga nan ƙwararren mai ƙididdigar gini zai fitar da jadawalin da ya jera kowane aiki da yawansa da farashinsa, tun daga haƙa har zuwa fenti. Da wannan jadawalin ne ake kwatanta tayin 'yan kwangila biyu ko uku, a gane ko mai araha ya bar wani abu ne a waje da niyyar dawowa da shi daga baya.

Duk da gwaji, akwai abin da ba ya bayyana sai an tona. Don haka kwangila mai kyau takan ware wani adadi na wucin gadi don ayyukan ƙarƙashin ƙasa, tare da rubuta farashin kowane ma'auni tun farko: nawa ne tifa ɗaya ta ciko, nawa ne fasa mita ɗaya ta dutse, nawa ne ƙarin layi ɗaya na bulo. A kuma rubuta cewa ba za a biya ko kwabo ba sai wakilin mai gida ya gani, an auna tare, an ɗauki hoto kafin a rufe. Abin da ya rage a cikin adadin kuma na mai gida ne.

Abin da lauya zai duba

Lauyan da zai karanta takardar ya zama na mai gida ne, ba wanda ɗan kwangila ya kawo ba. Zai fara da tabbatar da wanda ake ƙulla yarjejeniyar da shi, ko mutum ne ko kamfani mai rajista da hukumar CAC.

Sai batun tashin farashi. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 da faɗuwar darajar naira, buhun siminti ya haura naira dubu 10 a wurare da dama a Fabrairun 2024. Dole takardar ta faɗi ƙarara ko farashin tsayayye ne, ko kuwa zai motsa, kuma a kan waɗanne kaya, daga wane farashin aka tashi, da wace shaida. Ta kuma nuna ko harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari yana ciki.

Biyan kuɗi ya bi matakin aiki: fandisho, linta, rufi, filasta, kammalawa. Kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce abin da mai gida zai iya jure rasawa, kuma a rubuta yadda za a riƙa cire shi. A al'adar kwangilolin gini a Nijeriya ana riƙe kimanin kashi 5 cikin ɗari har zuwa watanni shida bayan miƙa gida, domin gyaran abin da ya ɓaci. A aikin naira miliyan 20, miliyan ɗaya ke nan. A Kudancin Kaduna hikima ita ce a sa wannan wa'adin ya ratsa damina, domin ruwan Agusta ne ke tona asirin rufi da magudana.

Sauran sharuɗɗan sun haɗa da kaurin rodi da kwano, irin bulon da za a yi amfani da shi, ranar gamawa da tarar jinkiri, da yadda kowane ɓangare zai iya janyewa. Duk wani canji a zane sai an rubuta shi da farashinsa kafin a aiwatar. A kuma ambaci hanyar sasanci idan saɓani ya taso, wadda Dokar Sulhu da Sasantawa ta 2023 ta tanada, domin shari'ar gini kan daɗe a kotu, kango kuwa yana ta lalacewa.

Takardun fili da na izini

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma sauya mallakar fili mai takarda na buƙatar amincewarsa. A Jihar Kaduna, hukumar KADGIS ce ke kula da rajistar filaye, KASUPDA kuma ke ba da izinin gini. Sa hannun mai unguwa shaida ce mai amfani, amma ba ta maye gurbin takardar shaidar mallaka. Idan gonar gado ce aka yanka fuloti-fuloti, amincewar mutum ɗaya daga cikin dangi ba ta wadatar. Kwangila ta fayyace wanda zai nemo izinin gini da wanda zai biya.

Wannan ya fi shafar ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992. Rancen ginawa daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yana buƙatar ingantacciyar takardar fili da zanen da hukuma ta amince da shi. Rancen kuma adadi ne ƙayyadadde, ba ya ƙaruwa don an samu dutse a fili, amma cirewa daga albashi na ci gaba ko an shiga gidan ko ba a shiga ba.

Akwai kuma abin da mutane ke jin nauyin faɗa. Galibi ƙane ko ɗan'uwa ake ɗora wa sa ido, alhali amana ba ta koya wa mutum gane kwaɓin siminti. Rubuta iyakar aikinsa, da barin sa hannu kan biyan kuɗi ga injiniya, yana kare kuɗin, yana kuma kare zumuncin.

Ladan safiyo da injiniya da mai ƙididdiga da lauya kan yi wa mai gini nauyi a lokacin da yake ɗokin ganin bulo ya fara hawa. Amma kuɗi ne da aka san iyakarsa tun kafin a biya. Ma'aikacin da zai tafi gida hutun ƙarshen shekara da niyyar aza harsashi, zai fi masa alheri ya fara tura safiyo da masu haƙa ramin gwaji, ya miƙa wa lauyansa takardar, ya bar zuba kankare sai amsarsu ta dawo.