Akwatin Kayan Aikin Da Ya Sauƙaƙa Aike A Intanet

Kowane akawu ya san yadda ake yi in an aiki masinja ya ɗauko fayil daga wani ofis. Mai hankali ba ya naɗe hannu yana jira. Sai ya ci gaba da rubutunsa, in fayil ya iso ya duba. To, wannan dabara ce masu gina shafuffukan intanet suka daɗe suna nema.

A da, in mutum ya cika fom ya danna, sai shafin duka ya ɓace, a yi ta jira har babbar kwamfutar da ke ajiye da bayanai, watau saba, ta aiko da wani. A 1999 kamfanin Microsoft ya sa wata hanya cikin burauzarsa, Internet Explorer 5, wadda shafi zai iya aika ɗan saƙo ga saba ya karɓi amsa, mai karatu kuwa yana ci gaba da aikinsa. Harshen da ake ba da umarnin aiken da shi, shi ne JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙago a 1995. Da Gmail ya fito a 2004, da Google Maps a 2005, sai kowa ya ga amfanin dabarar. A 2005 ɗin ne Jesse James Garrett ya raɗa mata suna Ajax.

Amma fa akwai wuya. Kowace burauza da irin halinta: umarnin da wannan ta ji, waccan ba ta ji. Dole magini ya rubuta aiki ɗaya sau biyu ko uku. Saboda haka a 2006 wani Ba'amurke, John Resig, ya fito da jQuery. Shi dai tarin umarnai ne waɗanda aka riga aka rubuta, aka gwada, aka ba kowa kyauta, kamar akwatin kafinta. Shi ke daidaita bambancin burauzoji, magini kuwa abu uku kawai zai faɗa: inda za a kai saƙo, da abin da za a yi in amsa ta zo, da abin da za a yi in ba ta zo ba.

Na ukun nan shi ne masu gaggawa kan manta, alhali nan haɗarin yake. Masinja yana iya makalewa a hanya. Alal misali, mutum ya danna zai biya kuɗi, layi ya yi rauni, shafi ya yi shiru bai ce masa kome ba. Sai ya sake dannawa, ƙila a cire masa kuɗi sau biyu. Har wa yau, in aka aiki masinja biyu, na baya yana iya riga na farko dawowa, tsohuwar amsa ta zo ta rufe sabuwa. Akwati ba zai yi wa magini wannan tunani ba.

Yanzu abubuwa sun sake. A 2015 aka shigar da abin da ake kira alkawari cikin JavaScript kansa, watau shaidar cewa amsa tana tafe, ko da nasara ko da kasawa. A 2017 aka ƙara hanyar rubuta umarnin jira a jere, mai sauƙin karantawa. Burauzoji suka kusanci juna, har kamfanin GitHub ya daina amfani da jQuery a 2018, ko da yake shafuffuka da yawa suna nan a kansa.

Don haka shawararmu ga malamai ita ce, kada su tsaya ga koya wa yara sunan akwati, gama kayan aiki sukan tsufa. A fara fahimtar da su aiken kansa. Duk sa'ad da yaro ya kawo aikinsa, a yanke layi a gabansa, a ga abin da shafinsa zai gaya wa mai jira.