In an buɗe kan inji, a duba komi

Yau zancenmu a kan tsohuwar mota ne, irin Peugeot 504 wadda ta sha tafiya.

Wata rana inji ya yi zafi. Ruwa ya gauraya da mai, mai ya yi fari kamar madara. Sai makanike ya ce a cire kan inji, wanda ake kira kulas. Aikin nan yana cin kuɗi da lokaci. Don haka, tun da an buɗe, a duba komi gaba ɗaya.

Na farko, a bari inji ya huce sarai. Kulas na 504 na alminiyum ne. In an kwance shi da zafi, yana iya lanƙwashewa.

Na biyu, kada a juya inji alhali kulas yana waje. Bututun da piston ke hawa da sauka a ciki yana iya gocewa, ruwa ya riƙa zuba cikin mai.

Na uku, a goge supap, a duba famfon ruwa da tiyo, a wanke radiyata.

Na huɗu, a sa sabon juwan, wato shimfiɗar da ke tsakanin kulas da inji. Tsoho ba ya komawa. A ɗaure noti sannu-sannu, daga tsakiya zuwa gefe. Sannan a zuba sabon mai.

Daga Tawa zuwa Agadas wajen kilomita 400 ne. Ruɓaɓɓen tiyon da aka ƙyale a garaji, can cikin daji yake fashewa, fasinja na tsaye cikin rana. Rigakafi ya fi magani.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.