Fita cin abinci da ƙananan yara a Faransa: inda ɗa ba na kowa ba ne

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata ƴan kasuwa da alhazanmu fatake, sau da yawa idan ɗan uwanku da ke Turai ya aiko hoto, kuka gan shi zaune gidan abinci da matarsa da ɗiyansa, tebur cike da faranti, sai ku ce wane ya huta. Mu da muke zaune birnin Paris da iyalinmu mun ga ya dace mu faɗa muku abin da hoton ba ya nunawa.

A gida, ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, in mace ta zauna rumfar mai tuwo da goyonta, yaro ya fara kuka, mai tuwon da kanta za ta miƙo masa ƙosai, wata ta karɓe shi ta jijjiga, wani dattijo ya tsawata wa babban. Hasali ma ba dole ba ne a fita da yaro, tunda ga kaka, ga abokiyar zama, ga maƙwabta. A nan kuwa ɗa na uwarsa da ubansa ne su kaɗai. Wadda za ta zauna muku da yara da awa ake biyanta, kuma awa ɗaya takan kai Euro 10, wato sama da jikka 6 da rabi, da yake Euro ɗaya sefa 656 ne. Shi ya sa duk inda iyaye suka nufa, da ɗiyansu suke tafiya.

Ba mu manta ranar da muka fara shiga wani gidan abinci na Turawa da yaranmu biyu ba, mai shekara 4 da mai shekara 2. Mun isa ƙarfe 6 na yamma, sai aka ce mana ba a soma ba da abincin dare sai ƙarfe 7. Muka yi ta yawo har lokaci ya yi, yara sun gaji, ga yunwa. Abinci kuma ba lokaci guda ake kawo shi ba, sai an ci wannan a ɗauke kafin a kawo wancan. Ana cikin jira ƙaramin ya ja ƙyallen tebur, kofin gilashi ya faɗi ya fashe. Ɗaki ya yi tsit. Ba wanda ya ce uffan, ba kuma wanda ya taso ya karɓi yaron, sai dai ido. Hannun uwar yaran har ya tashi, muka yi mata ido ta sauke. Muka biya Euro 60, kusan jikka 40, kuɗin da a shekara mai albarka ya wuce na buhun hatsi, muka fito ba wanda ya ƙoshi.

Sauke hannun nan yana da dalili. Dokar 10 ga watan Yuli 2019 ta hana iyaye a Faransa dukan ɗiyansu da sunan tarbiyya, kuma akwai lamba 119 da kowa zai iya kira idan yana ganin yaro na cikin haɗari. To ba bulala, ba kaka, ba maƙwabci, me ya rage? Sai shiri da magana.

Abin da zama ya koya mana shi ne, kada a fita da yaro da yunwa ko da barci a ido. Abincin rana, tsakanin ƙarfe 12 da 2, ya fi sauƙi. Tun daga gida ake faɗa wa yaro inda za a je da yadda ake zama. A tafi da takarda da fensir ya yi zane, a roƙi a fara kawo nasa abincin, a nemi doguwar kujerar yara, gidajen abinci da yawa suna da ita. In kuka ya tashi, uba ya ɗauke shi ya fita waje har ya yi shiru, domin a nan ba a bar wa uwa ita kaɗai wannan aiki ba.

Akwai kuma haƙƙoƙin da baƙo bai cika sani ba. Doka ta tilasta a liƙa farashi a waje, don haka a karanta kafin a shiga, tunda ba a ciniki kamar a kasuwa. Ladan mai kawo abinci yana cikin farashin. Ruwan pampo kyauta ne ga mai cin abinci, sai dai in ba ka faɗa ba a iya kawo maka na kwalba ka biya. Tun 2008 an hana shan taba cikin ɗakin cin abinci. Tun watan Yuli 2021 kuma, in yaro ya rage abinci kana da ikon cewa a zuba maka ka tafi da shi gida.

Babban abin lura ga musulmi shi ne naman alade. Yakan zo yanka ƙanana cikin salak ko taliya, kuma abincin da ake ware wa yara sau da yawa da shi ake yi. Wata miyar ma da giya ake dafa ta. Ba kunya ba ne a tambaya kafin a kawo. Wannan ne ya sa da yawanmu muka fi zuwa unguwar Château Rouge da ke arewacin Paris, inda matan Senegal da Mali ke sayar da shinkafa da kifi da miyar gujiya, ko wajen Larabawa masu kuskus da Turkawa masu gasasshen nama. A can in yaro ya yi kuka, ba a rasa wata uwa da za ta yi masa wasa.

Wani zai ce me ya hana ku zauna gida ku tuƙa tuwonku? Muna tuƙawa, kuma a kwano ɗaya muke ci da hannun dama, da bismilla. Amma yaron nan tun yana shekara 3 doka ta sa shi lakkol, kuma can da yawansu suke cin abincin rana da cokali mai yatsu da wuƙa. In bai koyi zama cikin mutane a gabanmu ba, zai koya a bayanmu, ba wanda zai ce masa wannan halal ne, wancan a bar shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka iyayenmu mata, ranar da wata ta zo rumfarku da goyo kuka karɓe shi don ta samu ta ci abinci cikin natsuwa, ku san kun yi mata abin da ɗiyanku na ƙetare ke biya da Euro ba su samu kamarsa ba. Allah ya raya mana zuri'a, ya shirya su duk inda suke, amin.