Kwana a tanti ko a mota: me dokokin ƙasashen Turai suka ce?

A ƙasar Norway, dokar shekarar 1957 ta ba kowa, ɗan ƙasa da baƙo, damar kafa tanti a daji ko a kan dutse ba tare da neman izinin mai fili ba. Sharaɗin shi ne wurin kada ya zama gona, a nisanci gidan da mutane ke ciki da mita 150, kuma kada a wuce kwana biyu a wuri ɗaya, in ba a kan manyan tsaunuka ko nesa da gidajen mutane ba. Haka kuma an hana hura wuta a daji daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba.

Scotland ma ta ba da irin wannan dama a 2003. A Ingila kuwa sai da yardar mai fili, in ban da wasu sassan Dartmoor.

Inda matafiya suka fi yin kuskure shi ne batun mota. 'Yancin nan na kafa tanti bai shafi abin hawa mai inji ba. Mai son kwana a mota dole ya bi dokar ajiye motoci ta wurin, ya karanta allunan gefen hanya.

Kafin ka yi shimfiɗa, tambayi hukumar garin. Tambaya ta fi biyan tara sauƙi.