Matsayin Harshe a Darasin Auna Hankali da Gano Larurar Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Daga cikin darussan da ɗaliban sashen nazarin halayyar ɗan Adam kan ɗauka a jami'a akwai na auna hankali da gano larurar ƙwaƙwalwa ga yara da manya. Da yawa daga cikinmu masu nazarin harshe mun ɗauka wannan fanni na likitoci ne kawai, babu ruwanmu da shi. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana abin da ake koyo a darasin, sannan ta nuna cewa kusan dukkan aikin a kan harshe ya dogara.

Asalin Fannin

A shekarar 1905 ne Alfred Binet da Theodore Simon suka fito da gwajin basira na farko a ƙasar Faransa, domin a gano yaran makaranta masu buƙatar taimako na musamman. Bayansu David Wechsler na Amurka ya fitar da gwajin yara a 1949 da na manya a 1955, kuma har yau ana amfani da sababbin bugunsu. A Nijeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen nazarin halayyar ɗan Adam a 1964. Ɗalibi kan yi digiri na farko, sannan ya yi na biyu a ɓangaren duba marasa lafiya, inda zai samu horo a asibitoci irin su na Aro da ke Abeokuta ko na Yaba a Legas. Ya kamata a lura cewa wannan masani daban yake da likitan ƙwaƙwalwa. Likita ne ke rubuta magani, shi kuwa aikinsa gwaji da jinya ta hanyar tattaunawa.

Abin da Ake Koyo

Abu na farko shi ne hira da mara lafiya: yadda za a yi tambaya ba tare da an sa masa amsa a baki ba. Na biyu shi ne lura da yanayinsa, wato maganarsa da shigarsa da yadda yake haɗa tunani. Na uku shi ne gudanar da gwaji bisa ƙa'ida, ta yadda kowa zai ji umarni iri ɗaya cikin lokaci iri ɗaya. A gwajin basira, matsakaicin maki 100 ne, kuma kusan kashi biyu cikin uku na mutane kan faɗo tsakanin 85 da 115.

Daga nan sai a koyi auna abin da aka samu da ma'aunin littattafai biyu: kundin DSM na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda bugunsa na biyar ya fito a 2013, da kundin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a 2022. Misali, a DSM ba a cewa mutum yana da ciwon damuwa mai tsanani sai an ga alamomi biyar daga cikin tara, sun kuma ɗauki aƙalla mako biyu. Game da yara, akan ji ta bakin iyaye da malamai, domin yaron da ba ya natsuwa a aji kaɗai, amma yana natsuwa a gida da sauran wurare, wataƙila matsalar tana ajin ne. Haka nan maki shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an duba yadda mutum ke tafiyar da rayuwarsa ta yau da kullum.

Inda Harshe Ya Shigo

A nan ne gizo ke saƙar. Yawancin gwaje-gwajen da Turanci aka rubuta su, kuma da mutanen Turai da Amurka aka tsayar da ma'auninsu. Idan aka tambayi yaron da ya tashi da Hausa ko Yarbanci ma'anar wata kalmar Turanci ya kasa, me aka auna, basirarsa ko Turancinsa?

Fassara ma ba ta raba gardama gaba ɗaya. Akwai gwajin da ake karanto wa mutum jerin lambobi ya maimaita. A 1980, Ellis da Hennelly sun gano cewa masu jin harshen Welsh da Turanci sun fi riƙe lambobi da yawa da Turanci, saboda lambobin Welsh sun fi ɗaukar lokaci wajen furtawa. To, mu dubi namu: ɗaya, biyu, uku, har zuwa tara, kowace gaɓa biyu ce, alhali na Turanci gaɓa ɗaya ne in ban da bakwai. Wanda ya fassara wannan gwaji zuwa Hausa ya bar ma'aunin Turanci yadda yake, yana iya tauye yaro mai lafiya.

Kalmomin zuciya kuma sun fi wuya. Bahaushe yana da damuwa, da baƙin ciki, da ɓacin rai, da fargaba, da yawan tunani, kuma kowace da muhallinta. Wani ma ba zai ambaci ko ɗaya ba, sai ya ce kansa na zafi ko jikinsa ya mutu. Tun a 1960 Raymond Prince ya rubuta a kan ɗaliban Nijeriya da ke kukan zafin kai da kasa riƙe karatu. Sannan ga al'ada: yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi ya nuna, amma rashin haɗa ido na cikin abubuwan da ake dubawa a gwajin larurar otizim. Haka uwar da ta ƙi kiran sunan ɗanta na fari, kunya ce, ba rashin ƙauna ba.

Saboda haka ake koya wa ɗalibai fassarar komawa: wani ya fassara daga Turanci zuwa Hausa, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar Turanci, a kwatanta, a gyara, sannan a jarraba da masu harshen.

Kammalawa

Kuskure a wannan aiki ba ƙaramin abu ba ne. Yana iya sa a cire yaro daga makaranta, ko a liƙa wa mutum sunan mahaukaci har abada, ko a sallami wanda ke buƙatar magani. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma ta tanadi kare haƙƙin marasa lafiya. Sai dai haƙƙin mutum ba ya cika idan ba a fahimci abin da ya faɗa ba. Don haka, 'yan'uwana ɗalibai, duk mai neman batun kundin kammala digiri, ga fili nan: tattara kalmomin Hausa na yanayin zuciya da bambance ma'anoninsu aiki ne da asibiti ke jira daga gare mu.