Matar da ke cikin hoton tana da suna

A watan Maris na 1936 wata mai ɗaukar hoto, Dorothea Lange, ta ratsa wani zangon 'yan ci-rani a Nipomo, jihar Kalifoniya. Gwamnatin Amurka ce ta ɗauke ta aiki don ta nuna halin da talakawan karkara suka shiga a shekarun karayar tattalin arziki. Masu tsinkar wake ne a zangon, sanyi ya ƙone amfanin gona, ba aiki, ba na sa wa a baka. A ƙarƙashin wata 'yar rumfa ta tarar da wata mata da 'ya'yanta. Ta ɗauke su hotuna, ba ta wuce minti goma a wurin ba.

Duk wanda ya ga hoton da ya fi shahara a cikinsu ba ya mantawa. Matar ta yi tagumi, goshi a yamutse, ido ya tafi can nesa. Yara biyu sun kifa kai a kafaɗunta sun ba kyamara baya, jariri na barci a cinyarta. Shekararta 32 kacal, amma sai ka rantse ta haura hamsin.

Jaridar San Francisco News ta buga hotunan, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta aika da abinci kimanin tan tara zuwa zangon. Amfanin irin wannan hoto ke nan: shaida ne. Rahoton da ke cewa dubban mutane na kwana da yunwa ana iya jefa shi cikin durowa, fuska ɗaya kuwa tana hana mai mulki barci.

Sai dai kafin abincin ya iso, matar da iyalinta sun yi gaba. Lange da kanta ta faɗa cewa ba ta tambayi sunan matar ba. Ta kuma rubuta cewa sun sayar da tayoyin motarsu don sayen abinci, abin da 'ya'yan matar suka musanta daga baya. Sai a 1978 wani ɗan jarida ya gano ta: Florence Owens Thompson, 'yar ƙabilar Cherokee. Shekara 42 fuskarta na yawo a duniya, ko sisin kwabo bai shiga hannunta ba, kuma ta ce da ma ba a ɗauka ba. Wannan magana tana damuna ƙwarai, domin hoton ya yi wa kowa rana ban da mai shi. Haka aka yi wa Sharbat Gula, yarinyar Afganistan da Steve McCurry ya ɗauka a sansanin 'yan gudun hijira a Pakistan a 1984. Sai a 2002 aka san sunanta.

Mu ma muna da namu. Yau kowa da waya a hannu, almajiri da ƙoƙon bara ko uwa a layin rabon abinci sun zama abin ɗauka ba sallama ba neman izini, a watsa a Facebook, wani lokaci har a nemi tallafi da su. A ganina, wanda ba zai iya tsayawa ya gaisa da mutum, ya ji sunansa, ya gaya masa inda hoton zai je ba, bai cancanci ya ɗaga kyamara a kansa ba.

Akwai wadda ta nuna yadda ake yi. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri wadda ta karanci aikin jinya, ta fara aikin da ta kira Bits of Borno a 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai gawa da ƙonannun gidaje. Ta shiga kasuwa da lungu tana ɗaukar 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu kwalliyar sallah, har da waɗanda rikicin ya raba da gidajensu. Takan tsaya ta yi hira da mutum, sannan a ƙarƙashin hoton ta rubuta labarinsa kamar yadda ya ba ta.