Buga Fata da Na'ura: Sirrin Yana Bakin Bututu

Hausawan Anacha ba su manta da ranar 16 ga Oktoba, 2019 ba, lokacin da tankar mai ta faɗi a Upper Iweka, wuta ta bi kwata har kasuwar Ochanja. Bayan irin wannan gobara, abin da ke ɗaure wa likita kai shi ne fata. Ko a Asibitin Ƙashi na Inugu, wanda ya shahara wajen jinyar ƙuna, daga jikin majinyaci ake yanko lafiyayyar fata a dasa a kan ciwon. To, idan ƙunar ta cinye jiki, daga ina za a yanko?

Wannan ne ya sa masana ke ƙoƙarin buga nama da na'ura. Ana kwaɓa ƙwayoyin halitta masu rai cikin wani abu mai kauri da yauƙi, wanda ake samu daga ciyawar teku ko fatar dabba, sannan a matso shi ta siririn bututu, layi bisa layi, kamar yadda mai ƙunshi ke zana lalle. A 2022, a Amurka, an dasa wa wata budurwa kunnen da aka buga da ƙwayoyin jikinta.

Wahalar tana bakin bututun. In ya yi faɗi, zanen ya dagule. In ya tsuke, sai an ƙara matsi, gogayya da bangon bututu kuma ta yayyaga ƙwayoyin. A ruwa zalla, in matsi bai canza ba, rage faɗin baki da rabi na rage yawan ruwan da ke fita sau 16. Baki mai tsukewa a hankali ba ya buƙatar matsi kamar miƙaƙƙe, kuma yana taƙaita lokacin da ƙwayoyin ke shan gogayya.

Maimakon a yi ta asarar ƙwayoyi masu tsada, sai a zana bututun a kwamfuta, a saka kauri, zafi, matsi da saurin tafiya. Lissafi zai nuna da launuka inda gogayyar ta fi tsanani, a gyara kafin a ƙera.

Bugaggiyar fata ba ta zama maganin yau da kullum ba tukuna, amma ƙofar binciken a buɗe take, domin manhajar wannan lissafi irin OpenFOAM kyauta ce. Iyaye a Fatakwal, Anacha da Inugu, mu dage yaranmu su riƙe lissafi da kimiyya. Wannan aiki ba ya fi ƙarfinsu ba ne.